Gurbi Arba'in da Ɗaya a Littafin Liman

Kawuna yayan Umma ne, uwa ɗaya uba ɗaya, amma duk layinmu ba mai kiransa da komai sai Tafinta. Har 'ya'yan cikinsa, in suna ba da labarinsa a waje, cewa suke yi, "Tafinta ya ce." Shekara talatin da ɗaya ya yi a babban asibiti yana tsaye tsakanin likita da mara lafiya. Babansu direban babbar mota ne, inda aiki ya kai shi nan yake sauke iyali, shi ya sa Kawu ya yi firamare da Faransanci, ya yi sakandare da Turanci, Hausa kuwa a nono ya sha ta. Umma ta ce tun yana yaro haka yake. In mutum biyu suna cacar baki a bakin titi ba sa jin yaren juna, sai ka gan shi ya kutsa tsakiya, ba wanda ya kira shi.

Duk wanda ya san Kawu ya san maganarsa guda: "Nuna mini." Ga inda ta samo asali. A shekararsa ta biyu a asibiti aka ba wani dattijo maganin ɗigawa a kunne. Kawu ya fassara masa bayanin likita tsaf, ɗigo uku safe da yamma, sannan ya ce, "Baba, ka gane?" Dattijo ya ce ya gane sarai. Bayan kwana huɗu ya dawo, kunne yana nan yadda yake, kwalba kuwa wayam. Da cokali ya shanye. Allah ya tsare, abin bai wuce murɗawar ciki ba. Kawu ya ce ranar ya fahimci cewa mutum yakan ce "na gane" ne don ladabi, don kada ya ba ka kunya. Daga nan bai ƙara tambayar kowa ko ya gane ba. Sai ya miƙa maka kwalbar ya ce, "Nuna mini yadda za ka yi in ka koma gida." In hannunka ya tafi inda ya kamata, fassara ta yi. In bai tafi ba, laifin tafinta ne, a sake lale.

Da ya yi ritaya bai bar wannan hali a asibiti ba, ya taho da abinsa gida. In ya aike ka kanti sai ka nuna masa girman sabulun da hannu kafin ka fita. Anti, matarsa, takan ce, "Ni dai Allah ya rufa mini asiri, ranar da na ce na amince da shi bai ce in nuna ba."

Amininsa shi ne limamin ƙaramin masallacin layinmu, tsohon malamin firamare wanda ya yi karatu da Faransanci, ya koyar da shi har ya yi furfura. Shekara arba'in suna zama a benci ɗaya bayan la'asar suna musu a kan komai, daga siyasa har yadda ake ɗaura rawani. Bayan rasuwar Liman, babban ɗansa da muke ce wa Injiniya ya zo daga ƙasar da yake aiki. Yana kwashe littattafan mahaifinsa sai ya ci karo da littattafan rubutu uku irin na 'yan makaranta, cike da rubutun hannu. Ashe littafi Liman ya rubuta a kan salla, da Faransanci, bai taɓa gaya wa kowa ba. Shi kuwa Injiniya tun yana ɗan shekara bakwai aka kai shi wajen baffansa, ya yi karatu da Turanci, Faransancinsa bai wuce gaisuwa ba. 'Ya'yansa ko Hausar ma ba ta zauna musu ba, sai Turanci.

Ina gidan ranar da ya kawo su. Ya durƙusa ya gaida Kawu, ya ajiye littattafan a gabansa, ya ce, "Baba, ina so 'ya'yana su ji kakansu. Ni ma ina so in ji shi. Ka mayar mana da su Turanci."

Kawu ya buɗe na farko. Bai kai ƙarshen shafi ba ya miƙe tsaye, yana karantawa yana zagaya falo.

"Kai! Mutumin nan! Shekara arba'in muna zaune a benci ɗaya, ashe ya ɓoye mini wannan? Ji nan! Ku ji nan!"

Sai ya karanto mana layi guda da Faransanci, mu da ba ma ji, yana dariya, hawaye na bin gemunsa. Anti ta ce, "Malam, ka zauna mana, baƙo yana durƙushe." Bai ma ji ta ba.

Wata biyar teburin cin abinci ya zama ofis, mu kuwa muka koma cin abinci a kan cinya. Ƙamus biyu ne da shi, ɗaya bangonsa ya daɗe da cirewa an ɗaure shi da roba. Da fensir yake rubutu, a bayan tsoffin kalanda da ya yanka daidai da daidai. Kana cikin aikinka sai ka ji ihu daga falo, "Na kama ta!" Anti ta leƙo daga kicin ta ce, "Wa ka kama kuma?" Jimla ce ta wahalar da shi tun safe. Ya rame a watannin nan, amma ban taɓa ganinsa cikin nishaɗi irin na lokacin ba.

Komai ya kammala sai kalma ɗaya: "recueillement". Ni ma sai da Kawu ya sa na maimaita ta sau goma kafin harshena ya yarda. Liman yana nufin abin da bawa yake yi a 'yan daƙiƙoƙin nan da ke tsakanin tsayuwarsa a kan sallaya da ɗaga hannunsa don kabbara. Ya rubuta cewa khushu'i kyauta ce, Allah yake ba wanda ya so, amma wannan aikin bawa ne, kamar share ƙofar gida kafin baƙo ya iso. A kanta aka gina littafin gaba ɗaya. Sau arba'in da ɗaya ta fito, kuma duk inda ta fito Kawu ya bar gurbi ya ja layi da fensir. Ya ce da Hausa ce da "natsuwa" ta kusa, ko da yake ita ma ba ta cike ba. Da Turanci kuwa ya tara kalmomi a takarda, ba wadda zuciyarsa ta kwanta da ita.

Ran Lahadi Injiniya ya dawo, da tikitin komawa Lahadi mai zuwa. Burinsa ya tafi da kwalin littattafai a hannu. Mai maɗaba'a ya ce to, sai dai a ba shi aikin cikakke ran Alhamis kafin sha biyun rana, ya buga Juma'a, ya ɗinke Asabar. Kwana huɗu ke nan ga Kawu, da gurbi arba'in da ɗaya.

Litinin da safe ya aika aka kira masa mutum huɗu masu jin Turanci, ba sa jin Faransanci: Malamin Lissafi maƙwabcinmu, da Mai Kemis, da Tela wanda ya yi shekara goma yana ɗinki a waje, da Sista. Sista tsohuwar shugabar nas-nas ce, Kirista, gajeruwa, tabaraunta rataye da sarƙa. Shekara ashirin da biyar suka yi suna faɗa da Kawu a ɗakin marasa lafiya, kuma duk wata haihuwa ta gidanmu ita ta karɓa. Aka ture teburin tsakiya, aka shimfiɗa sallaya. Kawu ya jera su a baranda, ya ce ɗaya bayan ɗaya za su shigo, don kada wani ya kwaikwayi wani.

"Asibiti ya dawo gidana," in ji Anti, tana raba musu shayi. "Wa ke da kati na ɗaya?"

Jimla ɗaya yake karanta wa kowa da Turanci, ma'anarta: kafin ka ɗaga hannuwanka, ka shiga kaza. A wurin kaza sai ya jefa kalmar da yake gwadawa, ya ce, "Nuna mini."

Malamin Lissafi ya samu "concentration". Ya haɗe gira, ya dafe goshi, ya ƙura wa bango ido kamar zai huda shi.

"Ya isa, ya isa!" in ji Kawu. "Liman bai ce a zauna jarrabawa ba. Na gaba!"

Mai Kemis ya samu "meditation". Bai yi wata-wata ba ya zube a ƙasa, ya tanƙwashe ƙafa, ya ɗora hannuwa a gwiwa, ya rufe ido kamar yadda ya gani a talabijin.

"Tashi! A tsaye ake yi, bawan Allah! Wa ya ce ka zauna?"

"Kalmar ce ta ce in zauna, Tafinta."

Kawu ya nuna shi da fensir, fuskarsa ta washe. "Ka ji magana! Kalmar ce ta ce. To ta faɗi." Ya soke ta.

Tela ya samu "silence". Ya kama bakinsa gam, amma idanunsa na yawo a falo. Da aka ce ya isa, abin da ya fara faɗa shi ne kalmasar labulenmu ta karkace, wa ya ɗinka?

"Bakinka ya yi shiru, idonka na ta zuba," in ji Kawu.

Sai aka zo kan wadda ƙamus biyun suka bayar, "recollection". Ita Kawu ya gwada wa dukkansu. Sista ta karkata kai, ta ɗora yatsa a haɓa, ta dubi silin.

"To, me zan tuna?" ta ce.

Sauran ukun ma haka. Kowa ya tafi neman abin da ya manta. Kawu ya ce malaman addini na Turawa sun san kalmar da ma'anar da Liman yake nufi, amma jikokin Liman ba malaman addini ba ne, yara ne masu zuwa makaranta da jaka a baya.

Na ɗauka ransa zai ɓaci. Ina! Tsalle yake kamar wanda ya ci gasa. "Huɗu sun faɗi, hanya ta ragu!" Ran Talata ya fita titi da takardarsa a aljihu. Ya tare mai gadin banki, ya tare wata mai sayar da layin waya, ya tare wani bawan Allah da ke jiran mota. Kafin azahar labari ya kai wa Umma cewa an ga yayanta a bakin hanya yana sa mutane rufe ido. Ta kira Anti a waya, "Lafiyarsa kuwa?" Anti ta ce, "Lafiyarsa ƙalau, mu ne dai ba mu da ita." Ya dawo da yamma da kalmomi bakwai, duk a soke.

Laraba da hantsi Injiniya ya zo. Mutum ne mai ladabi, ko zama a kujera ba ya yi a gaban Kawu, amma ranar an ga damuwa a fuskarsa.

"Baba, na duba ƙamus uku a waya. Duk abu ɗaya suka ce."

"Ƙamus ne zai yi sallar?"

"To a sa khushu'i mana. Kowane Musulmi ya san ta."

"Babanka ya raba su da hannunsa, shafi guda ya ci yana raba su. Ni ne zan haɗa?"

"To a bar ta da Faransancin, a yi bayani a ƙasan shafi."

"Ɗana, shekara talatin da ɗaya ban ga mara lafiya ɗaya da ya karanta ƙaramin rubutun jikin kwalba ba."

Injiniya ya sunkuyar da kai. Ya ce ya karanta fassarar sau biyu, ta yi kyau ƙwarai, amma duk inda ya fara jin muryar babansa sai ya faɗa rami. Sannan ya ce, a hankali, "Baba, ka yi haƙuri. Gobe sha biyu in ba a cike ba, zan ce su sa ta ƙamus. Gara su samu littafi da kalma mai rauni da a ce ba su samu ba."

Kawu ya san littafin na uban yaron ne. Bayan Injiniya ya fita sai ya ce da Anti, "Sau arba'in da ɗaya za a ce wa yaran nan su tsaya a gaban Ubangiji su yi ta tunanin inda suka ajiye makulli."

Wajen ƙarfe uku Sista ta shigo ba wanda ya kira ta. Ta ajiye jaka, ta sa tabarau, ta dube shi sama da ƙasa.

"Tafinta, kai dai ba ka da kunya. Shekara da shekaru kana sa bayin Allah wasan kwaikwayo kana zaune kana ba da maki. Yau kai za ka hau. Yi mana abin mu gani, mu masu Turancin mu gaya maka sunansa."

Kawu ya saki baki. Ya dubi Sista, ya dubi Anti, ya buga cinya.

"Ta baya! A biyo ta ta baya! Ni me ya hana ni wannan tunani?"

"Girman kai," in ji Sista.

Nan da nan aka sake tattaro Malamin Lissafi da Mai Kemis da Tela. Suka jeru a doguwar kujera. Kawu ya hau sallaya, ya gyara hula, ya sauke kafaɗu, ya langaɓe kai.

"Gajiya," in ji Malamin Lissafi.

Ya sake, wannan karon ya lumshe ido yana jan numfashi.

"Jiri ne," in ji Mai Kemis. "Yaushe rabonka da auna hawan jini?"

Ya sake. Tela ya ce shi dai abin da ya gani mutum ne da aka ɗinka wa riga ta matse shi a hammata. Falo ya kaure da dariya, har Anti sai da ta riƙe bango. Sau biyar Kawu yana yi, kowane karo ya fi na baya muni, don yana yi yana satar kallonsu. Daga ƙarshe ya sauka daga sallayar ya ce, "Ba ya yiwuwa. Abin ba ya zuwa in ana kallo."

Ana haka hadari ya taso, ruwa ya goce kamar da bakin ƙwarya, aka kira la'asar ba damar fita. Mazan suka yi alwala a baranda, suka ce Kawu ya ja su a nan falo. Sista ta ɗauki kofin shayinta ta koma teburin cin abinci don ta ba su wuri. Mu ma muka shiga ciki muka yi tamu. Da muka fito sun sallame, suna zaune suna tasbihi, Sista kuwa ko kurɓa ɗaya ba ta ƙara ba. Ta bari sai da Kawu ya shafa addu'a.

"Tafinta. Abin da ka yi ɗazu, kafin ka ɗaga hannu."

"Me na yi?"

"Ba ka sani ba?"

"Ni dai salla na tayar."

"To na gani. Na kuma san shi. Ka tuna tsohon likitan tiyatar nan mai rawar hannu? In ya sa safar hannu yakan tsaya a kan mara lafiya kamar daƙiƙa biyar kafin ya ce a miƙo wuƙa. Daga nan hannun ba ya ƙara rawa." Sai ta juya harshe ta ce, "You gathered yourself. Then you were still." Wato ka tattaro kanka wuri ɗaya, sannan ka tsaya cak.

Ban san dattijo mai ciwon gwiwa zai iya tashi da irin wannan sauri ba. Ya tsallake ƙafar Tela, ya yi tuntuɓe da teburin tsakiya, ya fizgi fensir. Ya rubuta, ya soke, ya sake rubutawa, yana motsa baki. Sai ya ɗago takardar sama da hannu biyu.

"Gathered stillness! Na kama ta! Wallahi na kama ta! Sista, Allah ya yi miki albarka, duk faɗan da muka yi na yafe!"

"Ni ban yafe ba," in ji ta, tana goge tabarau da gefen zani.

Ya so ya gwada a take, amma ya ce waɗannan huɗun sun lalace, sun riga sun ga amsa. Sabbin mutane yake so. Ruwa kuma bai tsagaita ba. Sai ya zauna ya bi jimlolin ɗaya bayan ɗaya, don wani wuri kalmomin biyu suna shiga yadda suke, wani wuri sai an juya jimlar ta zama umarni. Ya gama ashirin da shida kafin isha, sauran bayan asuba.

Ƙarfe tara na safiyar Alhamis muna maɗaba'a, ni da Kawu da Anti, Injiniya ya riga mu. Shago ne dogo, siriri, warin tawada da kananzir ya cika shi, takardu jibge har kusa da silin, injin bugu a can ƙurya kamar saniya a kwance. Mai Kwamfuta, wata mata mai saurin hannu da saurin baki, ta miƙo hannu a ba ta gyaran.

"Tukuna," in ji Kawu. "Wa ke jin Turanci a nan, bai san Faransanci ba?"

Mai maɗaba'a ya dubi agogo ya dubi Injiniya. Injiniya ya ce, "A bar shi."

Aka samu uku: Mai Inji, da mai ɗinkin littattafai, da wani mai ƙiba da ya zo karɓar katin shagonsa. Kawu ya kora biyu waje. Ya tsayar da Mai Inji a ɗan filin da ke tsakanin tarin takardu, ya karanta masa jimlar sau ɗaya, a hankali, ya ce ya nuna.

Mai Inji ya ɗan yi murmushin kunya. Sannan ya ajiye tsumman da ke hannunsa. Ya haɗa ƙafafunsa. Kafaɗunsa suka sauko, ya saki wani dogon numfashi, idonsa ya sauka ƙasa kaɗan a gabansa ya tsaya a nan. Bai ƙanƙame jiki ba, bai kuma langaɓe ba. Har Mai Kwamfuta ta ɗauke hannu daga madannai.

"Allahu akbar!" Kawu ya rungume shi. Farar rigarsa ta kwashi baƙar tawada tun daga ƙirji har ciki.

"Shi ke nan, an gama da rigar," in ji Anti.

Mai ƙiba ya shigo, shi ma kusan haka ya yi, har ya cire wayarsa daga hannu ya sa a aljihu tukuna. Mai ɗinki kuwa ya ƙame kamar soja a fareti, ya runtse ido. Kawu ya girgiza kai, ya rubuta sakamakon da gaskiya.

"Biyu cikin uku," ya ce da Injiniya. "Ba zan ɓoye maka ba, ɗaya ya faɗi. Ta ƙamus kuwa mutum goma sha ɗaya na gwada wa, ba ko ɗaya. Littafin babanka ne. Ka zaɓa."

"A sa ta Baba," in ji Injiniya.

Mai Kwamfuta ta shiga cike gurabe, Kawu a tsaye a kanta yana ƙirgawa da ƙarfi, tana cewa, "Baba, don Allah ka matsa, numfashinka na kan wuyana." Sha ɗaya da rabi ta cike na arba'in da ɗaya. Muka fara murna. Sai ta ce, "Kash."

Littafin da yake shafi sittin da huɗu cif ya zama sittin da biyar. Kalma biyu a gurbin ɗaya, da jimlolin da aka juya, sun tura layi tara zuwa sabon shafi. Mai maɗaba'a ya ɗauko babbar takarda ya nuna mana: kowace ɗaya shafi goma sha shida take ɗauka, huɗu ya tanada, ya yanka, ya shirya farantan bugunsu. Shafi ɗaya ya ƙaru, sai an nemo ta biyar, irin takardar kuma ba za ta iso ba sai Litinin. Rage girman rubutu? Mai Kwamfuta ta ce an riga an rage sau ɗaya, in aka sake komai zai goce, sai an bi littafin daga farko, ba za ta gama ba sai yamma.

"A cire sakin layi ɗaya daga ciki mana," in ji mai maɗaba'a. "Wa zai sani?"

"Ni," in ji Kawu. "Ba a taɓa wa Liman ko wasali. Juya mini shafukan farko in gani."

Mai Kwamfuta ta juya. Shafi na uku bayanin mai fassara ne. Kawu ya rubuta shi da kansa, shafi guda, a kan yadda suka haɗu da Liman da zamansu na benci, da sunansa a ƙasa.

"Cire wannan."

"Haba Baba!" Injiniya ya taso. "Nan ne kaɗai sunanka ya fito a littafin. Wata biyar fa!"

"Ka taɓa ganin an rubuta sunan tafinta a katin magani? Cire, 'yata, lokaci na tafiya."

Ta dubi Injiniya, ta dubi Kawu, ta danna. Sittin da huɗu. Saura minti goma ƙarfe sha biyu ta cika. Kafin ta goge shafin gaba ɗaya ta buga shi a farar takarda ta zura wa Anti a ɓoye, Anti kuma ta ba ni. Yana cikin akwatin da nake ajiye hotunan gidanmu.

Mai Inji ya ce tunda abin ya zama haka ba zai jira Juma'a ba. Bayan azahar ya tayar da inji, shagon ya ɗauki rugugi. Takardar farko ta fito da danshin tawada, shafuka takwas a fuska ɗaya, rabinsu a kife. Kawu ya riƙe ta ta gefe-gefe yana juya ta, yana neman kalmominsa, duk wadda ya gani sai ya ce, "Ga ta! Ga wata!" Sannan ya miƙa wa Injiniya.

Injiniya ya matsa bakin ƙofa inda haske yake. Ya karanta shafi guda daga sama har ƙasa, bai tsaya ba. Ya koma sama ya sake. Da ya juyo sai da ya ɗaga murya saboda ƙarar inji.

"Baba, haka yake magana?"

"Haka yake magana," in ji Kawu. "Sai dai shi in ya zo nan wurin yakan yi shiru, ya bar ka kana jira, har sai ka ji kamar ka shaƙe shi."